Littafin da ya fasa min kuka a cikin takaba: in ƙona shi ko in ƙarasa?

Wasiƙar wannan makon daga Gusau ta zo, ga abin da mai ita ta ce:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 34. Maigidana ya rasu ranar 12 ga Muharram bayan jinyar kwana tara, ya bar ni da yara uku, maza biyu masu shekara 11 da 8, da autarmu mace mai shekara 4. Tun daga zaman makoki har sadakar arba'in ban yi wani kukan kirki ba, har ana ta yaba min dauriya. Da mutane suka watse sai ƙanwata ta kawo min wani littafin hikaya don ya ɗebe min kewa. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu, ta koma gidan da ta tashi tana tuno yarintarta. Da na zo wurin da yarinya ke zama a bakin zaure tana jiran babanta, sai kuka ya ƙwace min, yau kwana goma bai tsaya ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, mahaifina nake ta gani maimakon mijina. Ya rasu a Ƙaura Namoda ina 'yar shekara shida, aka ce min tafiya ya yi. Ina tuna zamana a dakali, duk motar da ta tsaya sai in miƙe. Kunyar Allah nake ji, ina takabar miji ina kukan uba. Ƙanwata ta karanta littafin ta ce ita soyayyar ciki ce ta burge ta. Maƙwabciyata da ta yi takaba shekara uku da suka wuce ta kasa wuce shafi 20. Uwar mijina kuwa cewa ta yi, 'Wanga littahi shi ka sa ki kuka, ki ƙone shi, hawaye na ƙona mamaci.' Ba na barci sai na sha wata ƙwaya da nake aikawa a sayo min a kemis. Da magariba nakan ji kamar ƙarar babur ɗinsa. Ita autar mun ce mata Abba ya tafi Kano. Ƙanin mijina ya karɓi makullin shago, ya ce ba a maganar gado sai na fita takaba. Mahaifiyata tana raye a Ƙaura. Anti, rashin tawakkali ne ke damuna ko littafin ne ya ja min? In ƙona shi ko in ƙarasa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa jinyar da ya yi ta zama kaffara, ya jiƙan mahaifinki, ya raya abin da suka bari.

Kada ki ƙona littafin. Kada kuma ki ci gaba da karanta shi da tsakar dare, ke kaɗai, cikinki ba abinci, ƙwaya na jiran ki a ƙarƙashin matashi. Baƙin cikin nan yana ajiye a cikinki tun kafin ƙanwarki ta shigo da littafin, shi dai ya buɗe murfin ne kawai.

Dubi lokacin da abin ya zo. A makonnin farko na rashi jiki yakan daskare. Gida cike yake da mutane, tabarmi a shimfiɗe har waje, ana ta "ya haƙuri?" kina ta "da godiya", ga abincin masu gaisuwa, ga yara, ga baƙin da suka zo daga nesa da za a nema wa makwanci. Zuciya ba ta samun sukunin gane abin da ya same ta. Wannan daskarewar ce mutane suka kira dauriya. Sai an naɗe tabarmi, 'yan Ƙaura sun koma Ƙaura, an wayi gari ke ce da yaranki da takalminsa a bakin ƙofa, sannan mutuwar take sauka. Da littafin bai zo ba, wani abu ne zai yi aikinsa: hularsa da ke rataye, sauran turarensa a wuyan riga, ko sunansa ya faɗo a wayarki kina neman lambar wani.

Batun mahaifinki kuwa, a nan zancen yake. Tunanin ɗan Adam yana ajiye abubuwa tare da yanayin da aka ji su a ciki. In kina cikin farin ciki, ranakun daɗi ne ke saurin faɗo miki. In rashi ya same ki, rashin da kika taɓa yi shi ke fara tasowa. Naki kuma rashi ne da ba a taɓa rufe shi ba. Tsakanin shekara biyar zuwa bakwai ne yara ke fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma suna ganewa ne in an faɗa musu. Ke an ce miki tafiya ya yi. Matafiyi jiran sa ake yi, ba a yi masa kuka, don haka kika yi abin da ya dace da labarin da aka ba ki, kika zauna a dakali. Daga baya kin gane gaskiya da kanki, wataƙila daga bakin wasu yara ko daga zancen manya, amma babu ranar da aka zaunar da ke aka ce "babanki ya rasu" har kika samu kafaɗar da za ki kifa kai. Bashin kukan shekara 28 ne kike biya yanzu. Ƙari a kan haka, yau ke ce zaune a tabarmar da mahaifiyarki ta zauna, ga 'yarki kuma tana gab da shekarun da kike a lokacin. Idonki yana ganin wannan ko da bakinki bai faɗa ba.

Saboda haka ki sauke kunyar nan. Kukan uba bai rage wa miji komai ba. Rashin mijin ne ya kai zurfin da ya taɓo na uban, kuma za ki ga nan gaba hawayen suna cakuɗewa, ki fara da ɗaya ki ƙare da ɗayan.

Su ukun da suka sha bamban da ke a kan littafi ɗaya, kowacce da abin da ta shigo da shi. Ƙanwarki ba ta taɓa binne nata ba, ta karanta shafin zauren nan ta wuce kamar yadda ake wuce gidan da ba a san kowa a ciki ba. Maƙwabciyarki ta san gidan sarai, shi ya sa ta tsaya a ƙofa ta juya, kuma kada a matsa mata. Ke kuma kin samu abin da hikaya ke yi wa mai baƙin ciki: ta ba ki wata mace da za ki yi wa kuka. Tausayin wani ya fi tausayin kai saurin fitar da hawaye, musamman ga macen da aka yi kwana arba'in ana yaba mata dauriya har ta ji nauyin karya yabon. Uwar mijinki zan dawo kanta.

Ta fuskar addini, hawaye ba ya kore tawakkali. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yaga tufafi da maganganun nuna fushi da ƙaddara. Maganar surukarki tana da tushe a wani hadisi da ya ce ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa, amma Nana A'isha (RA) ta yi gyara a kan yadda ake fahimtarsa, ta kawo ayar da ta ce babu rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani, malamai kuma sun fassara shi da kururuwar da aka hana, musamman in mamacin ne ya yi wasiyya da ita ko ya san al'adar gidansu ce bai hana ba. Hawayen da ke zubo miki a ɗaki kina istigfari bai shiga nan ba. Ki riƙe addu'ar da Ummu Salama ta yi lokacin da mijinta ya rasu: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Karatu kuma ba ya cikin abin da takaba ta hana. Abin da ta hana sananne ne: turare, kwalli, lalle, jan baki, sarƙa da awarwaro da tufafin ado, ɗaura aure ko neman sa a fili, da kwana a wani gida ba gidan da mutuwar ta same ki ba sai da larura. Wanka, wanke kai, magana da mutane, amsa waya, fita da rana zuwa asibiti ko kotu, duk halal ne. Riƙe wuƙa da cewa ba a wanka sai ranar Juma'a al'ada ce kawai, ba ta cikin littattafan fiƙihu. Sanya baƙin ciki a rubuce ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta marsiyya, wato waƙar makoki, ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta rubuta wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta rubuta wa aminiyarta A'isha, kuma babu wanda ya taɓa zarginta da ƙarancin imani.

To, yaya za ki karanta shi? Ki mayar da shi karatun rana, tsakanin hantsi da azahar, bayan kin ci wani abu, kuma da mutum a cikin gida ko da ba ɗaki ɗaya kuke ba. Babi ɗaya ya isa, ko minti 20 zuwa 30, duk wanda ya riga cika. Daga la'asar kada ki sake buɗe shi. In a waya kike sauraron sa ana karantawa, ki daina, domin murya ba ta da ƙarshen shafi, haka za ta yi ta janki har asuba. Ki koma na takarda, ko ki sa agogon waya ya katse ki. Ki sa ƙanwarki, tunda ta gama shi, ta naɗe miki kunnen shafukan da ke da jinya, fitar rai ko wankan gawa. Waɗannan ki tsallake su a yanzu, kwana taran asibiti ba su yi nisan da za ki sake shiga cikinsu ta bakin wata ba. Kina rufe littafin kuma ki miƙe ki kama aikin hannu: tsince shinkafa, gyaran sure, wankin kayan makaranta, tsefe kan autarki. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana a 1999 cewa mai baƙin ciki yana samun sauƙi ne ta hanyar kai da komo, ya fuskanci rashin na wani lokaci, ya juya ya fuskanci hidimar rayuwa, ya sake dawowa. Wanda ya maƙale a ɓangare ɗaya, ko kuka ba dare ba rana ko aiki ba ji ba gani, shi ne abin yake daɗe wa.

Ga ma'aunin da za ki auna kanki da shi. In kika karanta kika yi kuka na ɗan lokaci, sannan kika ji ƙirjinki ya yi sakayau, kika iya salla a natse, kika ci abinci, to littafin yana yi miki aiki, ki ci gaba. In kuwa kika ga dare biyu a jere barcin ya ƙara lalacewa, ko an wuni ba ki ɗora tukunya ba, ko hoton gadon asibiti yana ta maimaita kansa a idonki, ki ba ƙanwarki ajiyarsa na mako biyu, a gidansu ba a ɗakinki ba. Bayan mako biyun ki sake gwada babi ɗaya. Ba dole ne ki ƙarasa shi a cikin takaba ba.

Tunanin yarintar da ya taso kuma kada ki bar shi yana yawo a kai. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki zauna minti 15 zuwa 20 a rana, kwana huɗu a jere, ki rubuta abin da kike tunawa da yadda kika ji, da boko ko da ajami, ba ruwanki da kyan rubutu. Wani masani Ba'amurke, James Pennebaker, ya fara gwada wannan tsari a 1986, an kuma yi ta maimaita shi tun daga nan. Ki sani awa ɗaya ko biyu bayan rubutun za ki iya jin nauyin ya ƙaru kafin ya sauka, wannan ba alamar ɓaci ba ce. Ki rubuta ƙananan abubuwa, su ne masu nauyi: kalar dakalin, abin da yakan riƙo miki in ya dawo kasuwa, sunan da yake kiran ki da shi, zanen da mahaifiyarki ta ɗaura wata huɗu ba ta canza ba.

Sannan ki nemi mahaifiyarki. In za ta iya zuwa Gusau ta kwana biyu ya fi waya. Ki tambaye ta abubuwan da yarinya 'yar shekara shida ba ta samu ta tambaya ba: wace rana ce, me ya same shi, a wace maƙabarta yake, ya yi wata magana a kanki. Kada ki fara da "me ya sa kuka ɓoye min", domin ita ma yarinya ce a lokacin, manya suka yanke ta bi, kuma sun yi ne da niyyar tausayi. Za ki iya tarar da cewa abin da kike tunawa bai zo daidai da nata ba, ki ce damina ce ta ce hunturu ne. Tunanin ƙuruciya guntu-guntu yake, kai ne ke cike giɓin daga baya, kada ku yi musu a kai. Ita ce mutum ɗaya a duniya da ta san dakalin kuma ta san tabarmar takaba.

Yanzu ga maganar da ta fi littafin gaggawa. A cikin wasiƙarki kin rubuta cewa an ce miki mahaifinki ya yi tafiya, layi kaɗan a ƙasa kika rubuta cewa kun ce wa autarki Abba ya tafi Kano. Ƙanwata, ki gyara wannan a cikin makon nan. Ki zaɓi safiya, ki ɗora ta a cinya, ki faɗa mata da gajerun kalmomi: "Na ce miki Abba ya tafi Kano, ba haka ba ne. Abba ya yi ciwo mai tsanani, ya rasu. Wanda ya rasu ba ya dawowa. Ba ya jin ciwo yanzu. Ba laifinki ba ne. Ni ina nan, ni zan kula da ke." Kada ki ce barci ya yi, sai ta tsorata da kwanciya. Kada ki ce Allah ya ɗauke shi don yana son sa, sai ta ji tsoron a so ki. Tana iya sauka daga cinyarki ta koma wasanta kamar ba ta ji ba, gobe ta tambaye ki yaushe zai dawo. Mai shekara huɗu haka take, sai an maimaita mata sau da yawa da kalmomi iri ɗaya. Fitsarin kwance, liƙe miki ko'ina, da wasan jana'iza da 'yar tsana duk suna faruwa kuma suna wucewa. In kuka ya zo miki a gabanta ki bar shi, ki ce "ina kewar Abba ne". Ki sanar da surukarki da sauran mutanen gida kafin ki faɗa mata, don kada wani ya warware miki da yamma.

Babban yaron kuma a daina ce masa shi ne maigida yanzu. Ɗan shekara 11 da aka ɗora wa wannan yakan haɗiye kukansa don kada ya ba da kunya, abin ya fito ta faɗa a makaranta ko ciwon ciki. Su koma boko da Islamiyya a kan lokaci, ki aika a shaida wa malamansu abin da ya faru.

Ƙwayar kemis ta fi littafin ba ni tsoro. Ki duba sunanta a jikin fakitin. In diyazafam ce ko danginta, jiki yana sabawa da ita cikin 'yan makonni, ɗaya ta daina isa, a koma biyu, ga jiri da mantuwa da rana. In kwanaki kaɗan kika yi kina sha, ki daina. In kin haura mako biyu kina sha kullum, kada ki yanke rana ɗaya, domin hakan na kawo rawar jiki, firgici, wani lokaci har jijjiga. Ki ɗauki fakitin ki kai wa likita ya tsara miki ragewa sannu a hankali, ya auna miki hawan jini tunda kin je. Barcin kansa ki taimaka masa da abubuwa masu sauƙi: tashi lokaci ɗaya kullum daga asuba, barcin rana kada ya wuce rabin awa, ba shayi ba goro bayan la'asar, waya a nesa da shimfiɗa. In kin yi kamar rabin awa a kwance ido biyu, ki tashi ki yi alwala ki zauna da carbi cikin haske kaɗan har ya zo. Abinci kuma ko ba kya jin yunwa ki ci kaɗan sau uku, ko hoce ne da ruwan miya, ko fura. Nana A'isha takan sa a dama wa gidan da aka yi rashi talbina, ta ce ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar marar lafiya tana rage baƙin ciki. Kunun sha'ir ne: cokali biyu na garin a kofi ɗaya na madara ko ruwa, a dafa a wuta kaɗan kamar minti goma ana juyawa, a sa zuma bayan an sauke.

Ƙarar babur da magariba ba aljanu ba ne, ba taɓin hankali ba ne. Kunnenki ya yi shekaru yana jiran wannan ƙarar a wannan lokacin, bai daina jira ba tukuna. Wani likita a yankin Wels na Birtaniya, Dewi Rees, ya tambayi mutum 293 da suka rasa miji ko mata, ya wallafa a 1971 cewa kusan rabinsu sun taɓa jin kamar mamacin yana kusa, wasu har sun ji muryarsa ko sun gan shi. Ki yi masa addu'a duk sanda kika ji, ya zama lokacinsa.

Akwai inda za ki bar shawarar jarida ki tafi asibiti a ranar: in tunanin kashe kanki ya zo miki, in kin kasa ci da sha kwana biyu, in ƙirji ya riƙe da ciwo ko numfashi ya yi wuya, ko kina jin murya tana ba ki umarni. "Da ma ni ce na tafi" tana gilmawa a zuciyar masu rashi da yawa, amma in ta zauna har kin fara tunanin hanya, ki faɗa wa mahaifiyarki ko ƙanwarki nan take, a fitar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin. In kuma mako biyu suka wuce kullum kina jin ba ki da amfani, komai ya fita ranki har yaran, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani. A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, in ana buƙatar ƙari akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta kiran baƙin cikin rashi ciwo sai ya haura aƙalla wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Ke ko wata biyu ba ki cika ba.

Lissafin takabarki da watan Musulunci ake yi, daga ranar rasuwa: wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta faɗa. Daga 12 ga Muharram, za ki fita wajen 22 ga Jimada Ula. In ba ki ga al'ada ba tun rasuwar, ki yi gwajin ciki, domin mai ciki haihuwa ce ƙarshen takabarta, ko ta zo kusa ko ta yi nisa.

Wannan gwajin ya shafi makullin shago ma. Ciki ne ke sa a dakatar da rabon gado a mazhabar Malikiyya har a haihu, takaba ba ta dakatar da shi. Ko da dangi sun ga ya fi kyau a jinkirta rabon, ƙidaya ba ta jira. Ki sa waliyyinki, wa ko kawu, ya je wurin ƙanin mijinki da ladabi, a buɗe shagon gaban shaidu biyu, a rubuta kayan da ke ciki, kuɗin da ke banki, bashin da ake bin marigayi da wanda yake bi, kowa ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Kayan shago ba sa zama wuri ɗaya, wata huɗu ba lissafi ya isa a rasa bakin zaren ko da babu mai mugun nufi. Ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, har da sauran sadakinki in akwai, sai wasiyya da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan rabo. Kayan ɗakinki da abin da ya ba ki kyauta kika karɓa yana raye ba sa shiga. A misali, in ba ki da kishiya, mahaifinsa kuma ba ya raye, aka samu naira 2,400,000 bayan an fitar da waɗancan: tumuninki, wato kashi ɗaya cikin takwas, 300,000, sudusin mahaifiyarsa, kashi ɗaya cikin shida, 400,000, sauran 1,700,000 na yara ne, kowane namiji 680,000, macen 340,000. Ƙanin miji ba shi da kaso inda akwai ɗa namiji. Zama a gidan har ƙarshen takaba haƙƙinki ne in gidan nasa ne ko ya riga ya biya haya. In magana ta ƙi daɗi, kotun shari'a tana raba gado, tana kuma naɗa wanda zai riƙe wa marayu nasu da lissafi, kuma zuwa can da rana bai ɓata takaba ba.

Na ce zan dawo kan surukarki. Kafin ya zama mijinki ɗanta ne, ita ta goya shi. Tsohuwar da ta haɗiye nata kukan don a ce ta yi tawakkali, in ta ji naki ta bayan labule, nata yake tayarwa, sai ta huce a kan littafi tunda shi ne abin da hannu ke iya kaiwa. Kada ki ja da ita da hadisi, in ana buƙatar wannan a bar wa malamin da take jin maganarsa. Ki ce mata, "Inna, na ji, na daina karatun dare," wanda gaskiya ne, ki ajiye littafin inda idonta ba zai riƙa faɗawa kansa ba. Wata rana da la'asar, yara suna kusa, ki kai mata fura ki ce, "Inna, yaran nan ba su san yarintar babansu ba, ki ba su labari." Ki tambaye ta abu takamaimai, wace makarantar allo ya yi, wane abinci ne ba ya ci, wace ɓarna ya taɓa yi har aka dake shi. In ta yarda ki ɗauki muryarta a waya, ki tura wa ƙanwarki kwafi don kada wayar ta lalace da shi. In ta kawar da kai ta ce ba ta iyawa, ki bar ta, ki sake gwadawa bayan mako guda.